Tafiye-tafiyen Shugaban Ƙasa Zuwa Ƙetare: Yadda Ake Gane Ziyarar da Ta Yi Amfani

Kusan duk lokacin da wani shugaban ƙasa ya dawo daga ƙetare, fadarsa kan fitar da sanarwa cewa an rattaba hannu kan yarjejeniyoyi kaza, an kuma samu alƙawarin zuba jarin biliyoyin daloli. Shekara ta zagayo, jama'a su fara tambayar inda kuɗin suka maƙale. Magoya bayan gwamnati su ce a ƙara haƙuri, 'yan adawa su ce yawon buɗe ido aka je. Babban abin da ke haddasa wannan ruɗani shi ne kalmomin da ake ba da labarin da su. Kalmar "yarjejeniya" ita kaɗai tana ɗauke da takardu aƙalla iri huɗu waɗanda ƙarfinsu a doka ya sha bamban, haka ma "ziyarar aiki" da ake kiran kowace tafiya da ita. Wanda ya iya rarrabe su zai iya auna tafiyar shugaba ba tare da ya jira wani ya gaya masa ko ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Ziyara suna ta tara

Mafi girma ita ce babbar ziyarar ƙasa. Shugaban ƙasar da za ta karɓi baƙo ne ke aika goron gayyata a hukumance, kuma bisa al'ada takwaransa shugaban ƙasa yake gayyata. Ita ce ake shimfiɗa wa jar darduma, a yi faretin ban girma, a harba igwa sau 21, a shirya liyafar dare, wani lokaci har baƙon ya yi jawabi a majalisar dokoki. Ƙasashe na taƙaita irin wannan ziyara domin darajarta tana cikin ƙarancinta. A Birtaniya Sarki ne ke gayyata bisa shawarar gwamnati, kuma ba kasafai ake wuce biyu ko uku a shekara ba. Da William Ruto na Kenya ya kai irin wannan ziyara Amurka a watan Mayun 2024, shi ne shugaban Afirka na farko da aka yi wa haka tun bayan John Kufuor na Ghana a 2008.

Ƙasa da ita akwai ziyarar hukuma, wadda firaminista ma ke iya yi, da ƙarancin bukukuwa. Sai ziyarar aiki ta ainihi: a sauka, a gana, a tattauna batu ɗaya ko biyu, a koma, wani lokaci a yini guda. Akwai halartar taron ƙasashe, kamar babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya da ake yi kowace Satumba a New York, ko taron ƙolin Tarayyar Afirka da ake yi a Addis Ababa a farkon shekara. A irin wannan, ƙasar da taron ke gudana a cikinta ba ita ta gayyaci shugaba domin kansa ba, saboda haka zuwa New York ba ya nufin an gana da shugaban Amurka. Ta ƙarshe ita ce ziyarar ƙashin kai, don hutu ko ganin likita, wadda ba ta ɗora wa gwamnatin can wani nauyi illa na tsaro da girmamawa.

Girman tarba alama ce ta siyasa, tana nuna matsayin da ake ba baƙo. Amma ba ita ke nuna abin da aka samu ba. Ana iya yin liyafar alfarma a tashi hannu rabbana, ana kuma iya warware babbar matsala a ganawar rabin sa'a a gefen taro.

A rarrabe kuma tsakanin shugaban ƙasa da shugaban gwamnati. A Jamus, Indiya da Habasha akwai shugaban ƙasa, amma ragamar mulki tana hannun shugaban gwamnati. Idan bashi ko kwangila ake nema, ganawa da mai riƙe da ragamar ce ke da nauyi, ko da hoton da aka ɗauka da ɗayan ya fi ƙayatarwa.

Aikin da ake gamawa kafin jirgi ya tashi

Masana harkar diflomasiyya sun yi ittifaƙi a kan cewa yawancin abin da shugabanni ke sanarwa an riga an daddale shi tun kafin su haɗu. Watanni kafin tafiya, ofishin jakadanci da ma'aikatar harkokin waje na ɓangarorin biyu sukan yi musayar wasiƙu kan rana da batutuwan da za a tattauna. Ma'aikatun da abin ya shafa, kamar na kuɗi, kasuwanci, tsaro da shari'a, su yi ta kai-komo da daftarin takardu har a daidaita kowace jimla. Daga nan a tura 'yan share fage su duba masauki, hanyoyin da ayari zai bi, asibiti mafi kusa, wurin zaman kowa a teburi, har da tutar da za ta kasance a dama. Shi kuma shugaba a haɗa masa kundin bayanai: tarihin mutumin da zai gana da shi, abin da ake nema, abin da za a iya bayarwa, da iyakar da ba za a tsallake ba.

Ziyarar shugaban Amurka Richard Nixon zuwa China a watan Fabrairun 1972 ta girgiza duniya, amma mai ba shi shawara Henry Kissinger ya riga ya je Beijin a asirce a watan Yulin 1971 ya share hanya. Duk da haka, sai a watan Janairun 1979 ƙasashen biyu suka ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci, shekara bakwai bayan ziyarar. A taron ƙungiyoyin ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki irin su G7 da G20 ma, kowane shugaba yana da wakili na musamman da ke shafe kusan shekara yana zama da takwarorinsa don rubuta sanarwar da shugabanni za su amince da ita cikin kwana biyu.

Idan ba a gama wannan aiki ba aka dogara da cewa shugabanni za su daidaita da kansu, haɗarin yana da girma. Taron Donald Trump da Kim Jong Un a Hanoi a watan Fabrairun 2019 ya watse ba tare da an sa hannu kan komai ba, domin tazarar da ke tsakaninsu kan cire takunkumi da rufe cibiyoyin nukiliya tana nan lokacin da suka zauna. Sai dai watsewar taro ba kullum take zama asara ba. Ronald Reagan na Amurka da Mikhail Gorbachev na Tarayyar Sobiyet sun tashi daga Reykjavik a watan Oktoban 1986 ba su cimma matsaya ba, amma abin da suka fahimta game da juna a can ya taimaka aka sa hannu kan yarjejeniyar kawar da makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango a watan Disamban 1987.

Wani gibi da ba a cika lura da shi ba shi ne rashin cikakken jakada. Ƙasar da ta bar ofishinta a hannun muƙaddashi na tsawon lokaci tana rage wa kanta damar ganin manya, domin a tsarin girmamawa muƙaddashi yana bayan duk wani jakadan da ya miƙa takardar kama aiki. Jakada ne kuma zai ci gaba da bin maganar bayan shugaba ya koma gida.

Cikin ɗakin ganawa

Ganawa kan kasu biyu. Da farko ta keɓe, shugabannin biyu da tafinta, wani lokaci da mai ɗaukar bayani guda daga kowane ɓangare. Sai ta faɗaɗa, inda ministoci ke shigowa, kuma tun farko an ƙayyade adadinsu, misali shugaba da mutum uku ko da mutum biyar. Tawaga ko ta kai mutum ɗari, waɗanda za su shiga ɗakin ke nan. Idan kuma sai tafinta ya jira an gama magana sannan ya fassara, rabin lokacin ya tafi. Ganawar minti 40 ta zama ta minti 20, a cire gaisuwa da ɗaukar hoto, abin da ya rage bai wuce na batu biyu ko uku ba.

Bayan an tashi kowane ɓangare ya fitar da nasa bayanin. Yana da kyau mai bibiya ya karanta duka biyun. Idan wata fada ta ce an yi alƙawarin zuba jari, ɗayar kuma ta ce an tattauna hanyoyin ƙarfafa dangantaka kawai, wannan bambanci shi ne labarin. Ganawar da ba a bar mai ɗaukar bayani ya shiga ba kuwa tana barin ma'aikata cikin duhu, domin babu rubutaccen abin da za su aiwatar, kuma kowane shugaba na iya tuna maganar yadda ta yi masa daɗi.

Takardu huɗu, suna ɗaya

A nan gizo ke saƙar. Takarda ta farko ita ce sanarwar bayan taro. Bayani ne na siyasa da ke nuna inda ra'ayi ya zo ɗaya. Ba ta tilasta wa kowa komai, kodayake tana iya zama tubalin manufa na shekaru masu yawa, kamar sanarwar Shanghai ta 1972 da Amurka da China suka fitar a ziyarar Nixon.

Ta biyu ita ce yarjejeniyar fahimtar juna, kuma ita ce mafi yawan abin da ake sa wa hannu a gaban kyamara. Galibi tana bayyana niyya ce: ɓangarorin biyu "za su yi ƙoƙarin haɗa kai" a fannin noma ko makamashi. Sau da yawa babu adadin kuɗi a ciki, babu ranar farawa, babu hukunci ga wanda ya fasa. Gwamnatoci na son ta domin tana da sauri, ba ta buƙatar zuwa majalisa, kuma ana iya ƙin wallafa ta. Waɗannan dalilai su ne kuma rauninta. A watan Afrilun 2022 Birtaniya da Ruwanda sun sa hannu kan irin wannan takarda don tura masu neman mafaka zuwa Kigali. Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce shirin ya saɓa doka a watan Nuwamban 2023, gwamnati ta koma ta ƙulla cikakkiyar yarjejeniya a watan Disamba, sannan sabuwar gwamnatin Keir Starmer ta soke shirin baki ɗaya a watan Yulin 2024. Ita kuwa wadda Habasha da yankin Somaliland suka sa wa hannu ranar 1 ga Janairun 2024 kan samun hanyar teku, ba a wallafa cikakken matanin ta ba, kowane ɓangare ya yi ta bayyana ta yadda ya fahimta, Somaliya ta ce an keta mata hurumi, aka shafe kusan shekara ana zaman doya da manja kafin Turkiyya ta sasanta Habasha da Somaliya a Ankara a watan Disamba.

Ta uku ita ce cikakkiyar yarjejeniya mai ƙarfin dokar ƙasa da ƙasa. Ƙa'idojinta suna cikin yarjejeniyar Viyana ta 1969. Sashe na 7 ya ce shugaban ƙasa, shugaban gwamnati da ministan harkokin waje suna wakiltar ƙasarsu ba tare da sun nuna takardar izini ba, sauran jami'ai galibi sai sun nuna. Sashe na 26 ya wajabta cika alƙawari da zarar yarjejeniya ta fara aiki, sashe na 27 kuma ya hana ƙasa fakewa da dokarta ta cikin gida don ta ƙi cikawa. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya a sashe na 102 ya ce a yi wa kowace yarjejeniya rajista a sakatariya, wadda ba a yi wa ba ba za a kafa hujja da ita a gaban hukumomin Majalisar ba.

Akwai tarko a nan da lauyoyin gwamnati suka sani sarai: sunan da aka rubuta a saman takarda ba shi ke yanke hukunci ba, lafazin da ke ciki da niyyar masu sa hannu ake dubawa. A 1994 Kotun Duniya ta yanke cewa rubutaccen bayanin wani zama da ministocin harkokin wajen Katar da Bahrain suka sa wa hannu a Doha a 1990 yarjejeniya ce mai ɗaurewa, duk da Bahrain ta ce ita a ganinta bayanin taro ne kawai. Shi ya sa ake kwana ana gardama kan kalma ɗaya, tsakanin lafazin wajibci da lafazin niyya.

Ta huɗu ita ce kwangila ko takardar rance, tsakanin wata hukuma da banki ko kamfani. Ita ce ke fitar da kuɗi a zahiri. A cikinta ake rubuta kuɗin ruwa, wa'adin biya, abin da aka jingina, da kotu ko kwamitin sulhun da zai saurari ƙara idan aka saɓa. Yawanci ba a ranar ziyara ake kammala ta ba, kuma ita ce aka fi ɓoyewa, alhali ita ta fi shafar aljihun masu biyan haraji.

Bayan sa hannu, saura majalisa

Rattaba hannu a mafi yawan manyan yarjejeniyoyi matakin farko ne. Abin da ya wajaba a kan ƙasa a lokacin shi ne kada ta yi abin da zai rushe manufar yarjejeniyar. Cikakken ɗauri sai an tabbatar da ita bisa tsarin mulkin kowace ƙasa. A Amurka sai kashi biyu cikin uku na sanatocin da ke zaman sun amince. A Birtaniya, dokar 2010 ta ce a ajiye takardar gaban majalisa na kwana 21 na zama. A Faransa sashe na 53 na tsarin mulki ya ce yarjejeniyar zaman lafiya, ta kasuwanci, da duk wadda za ta ɗora wa baitulmali nauyi sai da dokar majalisa. A Najeriya sashe na 12 ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a cikin ƙasa sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka.

Tarihi cike yake da shugabannin da suka sa hannu a waje aka juya musu baya a gida. Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya je Faransa da kansa ya sa hannu kan yarjejeniyar Versailles a 1919, majalisar dattawa ta ƙi amincewa, Amurka ba ta taɓa shiga ƙungiyar ƙasashen da shi ya fi kowa fafutukar kafawa ba. Don kauce wa irin haka shugabanni kan zaɓi sigar da ba ta buƙatar majalisa, amma abin da shugaba ya ƙulla shi kaɗai, magajinsa na iya kwancewa shi kaɗai. Yarjejeniyar nukiliyar Iran ta 2015 ba ta bi ta tabbatarwar majalisar dattawa ba, Amurka ta fice a watan Mayun 2018. Yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris ma Amurka ta fita a 2020, ta koma a 2021, aka sake ba da umarnin ficewa a watan Janairun 2025.

Batun Bakassi ya nuna ɗaya fuskar. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a watan Oktoban 2002, Olusegun Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a watan Yunin 2006 ƙarƙashin jagorancin Kofi Annan. A 2007 majalisar dattawan Najeriya ta yi ƙorafin cewa ba a kawo mata takardar ba, amma aka kammala miƙa yankin a watan Agustan 2008, domin hukuncin kotun yana kan ƙasar ko majalisa ta so ko ta ƙi.

Ko an tabbatar, aiki bai ƙare ba. Ƙasashe 44 suka sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Kigali a watan Maris na 2018. Ta fara aiki a watan Mayun 2019 bayan ƙasashe 22 sun tabbatar, aka ayyana 1 ga Janairun 2021 a matsayin ranar fara ciniki, sai a watan Oktoban 2022 aka soma jigilar gwaji tsakanin wasu 'yan ƙasashe. Abin da ya ja lokaci shi ne jadawalin rage harajin kwastan da ƙa'idar tantance asalin kaya, aikin da ba shugabanni ke yi ba.

Yadda ake karanta alƙaluman kuɗi

Idan aka ce an samu alƙawarin dala biliyan kaza, tambayar farko ita ce: wane irin kuɗi? Kyauta ce, ko rance mai sauƙin ruwa, ko rancen kasuwa, ko lamunin sayen kaya wanda sai daga kamfanonin ƙasar da ta ba da shi za a saya, ko kuwa hasashen jarin da 'yan kasuwa za su iya zubawa idan sun ga riba? Misalin da ya fi fayyace wannan shi ne dala biliyan 60 da China ta sanar wa Afirka a taron Beijin na 2018. An kasa ta haka: biliyan 15 tallafi da rance maras ruwa da mai sauƙin ruwa, biliyan 20 lamuni, biliyan 10 asusun raya ƙasa, biliyan 5 don sayen kayan Afirka, sai biliyan 10 da aka ce za a ƙarfafa wa kamfanoni gwiwa su zuba. Adadi ɗaya ne a kanun labarai, amma mafi yawansa kuɗi ne da za a biya.

Tambaya ta biyu: cikin shekara nawa, kuma sabon kuɗi ne ko tsohon shiri aka sake ƙirgawa? Dala biliyan 55 da Amurka ta sanar a taronta da shugabannin Afirka a watan Disamban 2022 na shekara uku ne, kuma fitar da kuɗin gwamnati a can sai da amincewar majalisa. Dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi alƙawari a Copenhagen a 2009 don yaƙi da sauyin yanayi, wa'adinta 2020 ne, amma ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta ce sai a 2022 aka kai adadin.

Jarin 'yan kasuwa kuwa yana da matakansa: takardar nuna sha'awa, binciken yiwuwar aiki, samun fili da lasisi, daidaitawa da bankuna, sannan hukuncin ƙarshe na hukumar gudanarwar kamfani. A kowane mataki aikin na iya mutuwa, kuma abubuwan da ke kashe shi a gida suke: rashin wutar lantarki, wahalar fitar da riba a kuɗin waje, sauya doka bagatatan, jinkirin kotu, rashin tsaro. Shugaba na iya buɗe ƙofa da ziyara, amma mai jari da lissafi yake shigowa.

Masu cewa a je, da masu cewa a zauna

Masu kare tafiye-tafiye suna da hujja mai ƙarfi, domin zuwa da kai ya fi aike. Akwai shawarar da babu minista ko jakadan da zai iya yankewa. Anwar Sadat na Masar ya je Birnin Ƙudus a watan Nuwamban 1977, sannan shi da Menachem Begin na Isra'ila suka shafe kwana 13 a Camp David da ke Amurka tare da shugabanta Jimmy Carter a watan Satumban 1978, abin da ya kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Maris 1979. Suna kuma cewa ranar ziyara kanta bulala ce ga ma'aikata, takardar da ta shekara a kan teburi sai a gama ta cikin mako biyu don kada shugaba ya je hannu rabbana. A taron ƙasashe, wanda ba ya nan a bayan idonsa ake yanke hukunci, kuma neman ƙuri'a don wata kujera ko neman sassaucin bashi na buƙatar a ga fuska.

Masu suka su ma ba da ka suke magana ba. Mai masauki, ko a babbar ziyara, yakan ɗauki nauyin adadi ƙayyadadde ne na tawaga, saura duk daga baitulmalin baƙo: jirgi, masauki, kuɗin guzurin jami'ai a kuɗin waje. Tunda mutum ƙalilan ne ke shiga ɗakin ganawa, suna tambayar aikin sauran. Suna ƙara da cewa lokacin shugaba shi ne abu mafi tsada a gwamnati, kuma wasu manyan nasarori ba shugabanni suka je ba. Yarjejeniyar da ta maido da hulɗa tsakanin Saudiyya da Iran a Beijin a watan Maris na 2023, manyan jami'an tsaro ne suka sa mata hannu, bayan zaman sirri da aka yi ta yi a Iraƙi da Oman.

Idan aka ɗora hujjojin biyu a sikeli, yawan tafiya ko ƙarancinta ba ya nuna komai shi kaɗai. Ma'aunin da ya fi adalci shi ne ko akwai abin da sai shugaba da kansa zai iya warwarewa a tafiyar, da ko akwai wanda aka ɗora wa alhakin bin maganar bayan an dawo. Ƙasashe da yawa suna da hukumar haɗin gwiwa da ƙawayensu don wannan aiki, amma wasu kan yi shekaru ba su zauna ba, sai a tarar ana sake sa hannu kan abin da aka taɓa sa wa hannu.

Rigar kariya da haɗarin barin gida

Shugaba mai ci yana da rigar kariya daga kotunan wata ƙasa. Kotun Duniya ta tabbatar da wannan ƙa'ida a 2002 a shari'ar Kwango da Beljiyam, wadda ta shafi ministan harkokin waje. Sammacin wata kotu dabam, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ya dagula lamarin, domin ana sa ran ƙasashen da ke mambobinta su kama wanda take nema. Omar al-Bashir na Sudan, wanda kotun ke nema, ya halarci taron Tarayyar Afirka a Afirka ta Kudu a watan Yunin 2015 ya bar ƙasar ana tsakiyar shari'ar neman a kama shi. Vladimir Putin, wanda shi ma kotun ke nema, bai je taron ƙungiyar ƙasashen BRICS na Johannesburg a watan Agustan 2023 ba, amma ya ziyarci Mongoliya a watan Satumban 2024 ba a taɓa shi ba, duk da ita ma mamba ce a kotun kamar Afirka ta Kudu.

Akwai kuma tsohon haɗarin da ya sa wasu shugabanni ba sa son yin nisa. An kifar da Kwame Nkrumah na Ghana a 1966 yana kan hanyar Hanoi, Milton Obote na Yuganda a 1971 yana taron ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Singafo, Yakubu Gowon a 1975 yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala.

Inda abin ke taɓa talaka

Sakamako mafi sauri yana zuwa ne idan ganawa ta cire wani shinge. Bayan firaministan Habasha Abiy Ahmed ya sauka Asmara, babban birnin Eritriya, a watan Yulin 2018, cikin kwanaki aka maido da layukan waya da zirga-zirgar jiragen sama tsakanin Habasha da Eritriya, dangin da yaƙin 1998 zuwa 2000 ya raba suka sake ganin juna. An buɗe iyakokin ƙasa a watan Satumba, amma cikin 'yan watanni aka sake rufe su, tun ba a shimfiɗa ƙa'idar kwastan da ta shige da fice da za ta riƙe abin ba. Yarjejeniyar fitar da hatsi ta Bahar Aswad da aka sa wa hannu a Istanbul a watan Yulin 2022 ta ba da damar fitar da kusan tan miliyan 33 na abinci daga Yukren kafin Rasha ta fice bayan shekara guda, kuma hakan ya taimaka wajen sassauta tsadar hatsi a kasuwar duniya.

Bashi kuwa a hankali yake nuna kansa. Zambiya ta kasa biyan bashinta a watan Nuwamban 2020, sai a watan Yunin 2023 a Paris aka cimma matsaya da ƙasashen da ke bin ta kan sake tsara dala biliyan 6.3. Duk kuɗin da aka ɗage biyansa, dama ce ga kasafin asibiti da makaranta. Akasin haka, rancen da aka karɓo da murna yau haraji ne na shekaru masu zuwa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: tallafi da rance kan zo da sharaɗi, na sayen kaya, na sauya manufar tattalin arziki, ko na karɓar 'yan ƙasa da aka koro daga can.

Matafiyi da ɗan kasuwa su ne suka fi faɗawa tarkon kanun labarai. Yarjejeniyar ɗage biza da ake sa wa hannu a ziyara sau da yawa ta masu fasfon diflomasiyya da na jami'an gwamnati ce kawai, mai fasfo na gama-gari bai shiga ba. Yarjejeniyar sufurin jiragen sama tana ba kamfanoni izinin tashi ne, ba ta tilasta musu, idan babu fasinja ko kamfani ya kasa fitar da kuɗinsa ba za a ga jirgi ba. Buɗe kasuwa ga amfanin gona kuma ba ya aiki sai hukumomin kula da ingancin abinci na ɓangarorin biyu sun daidaita kan gwajin maganin ƙwari, takardar lafiyar tsirrai da rajistar masu fitarwa. Manomi ko ɗan kasuwar da ya ji an buɗe wata kasuwa, kafin ya ɗaura kaya, ya fara tambayar hukumar kwastan ko ta bunƙasa fitar da kaya ko an fitar da takardar umarnin aiwatarwa, da ranar da ta fara aiki. Jami'in da ke bakin iyaka da wannan takarda yake aiki.